Kiwon Lafiya: Tsakanin Wayar da Kai da Halin Zaman Jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron gidajen rediyo na ƙasar Hausa ya san irin sanarwar da akan yi da zarar damina ta kankama: a riƙa tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a kwana cikin gidan sauro, a kai yara rigakafi. Wannan aiki shi ake kira wayar da kai, kuma a bakin ma'aikata da 'yan jarida ya kusa zama shi ne iyakar abin da ake yi wa lafiyar jama'a a wajen asibiti. Haka nan ita ma kalmar "kiwon lafiya" ta ƙuntata a Hausar ofis, har ta kai idan an ambace ta babu abin da ke zuwa zuciyar mai sauraro sai likita da allura da gadon kwanciya.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa fannin da masana ke kira haɓaka lafiya, da kuma binciken da aka yi game da yadda halin zaman jama'a ke haifar da lafiya ko cuta, sun fi wayar da kai faɗi nesa ba kusa ba. Za a kuma nuna cewa tsohuwar ma'anar "lafiya" da ta "kiwo" a bakin Bahaushe ta fi kusa da wannan ilmi a kan ma'anar da muka ɗora musu a yanzu.

Faɗin ma'anar lafiya

Kalmar lafiya ararriya ce daga Larabci, asalinta al-afiya, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Idan aka bi ta cikin maganar yau da kullum za a tarar ba jiki kaɗai take bayani a kai ba. Akan ce gari yana zaune lafiya, wato babu fitina. Akan ce hanya lafiya, wato babu 'yan fashi, gada kuma ba ta karye ba. Masu ciniki sukan rabu lafiya, mai ciki takan sauka lafiya, akan yi wa matafiyi addu'ar Allah ya kai shi lafiya. A duk waɗannan wurare abin da ake nufi shi ne al'amari ya zauna daidai inda ya kamata ya zauna. L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a kan maganin gargajiya a ƙasar Malumfashi ya kuma buga littafinsa a shekarar 1988, ya lura da wannan, inda ya ɗauki lafiya a matsayin daidaituwar al'amuran mutum da na abin da ke kewaye da shi.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a gaisuwa. Mai gaisuwa ba ya tsayawa ga jikin wanda yake gaisarwa. Zai tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, da kasuwa. In damina ce ya tambayi ruwa, in hunturu ne ya tambayi sanyi. Amsar yawancinsu kalma ɗaya ce, lafiya. Baƙo mai koyon Hausa yakan ɗauki wannan a matsayin jan magana kawai, alhali kuwa jeri ne na abubuwan da Bahaushe ya san cewa in ɗaya ya ɓaci jikin ma ba zai daɗe daidai ba.

Ita kuwa "kiwo" ta fi ban sha'awa. Makiyayi ba mai maganin dabbobi ba ne, ko da yake yakan yi magani in ta kama. Babban aikinsa shi ne neman ciyawa da mashaya, da kauce wa wurin da ke da tsando, da tsare garke daga kura da ɓarawo. Ke nan wanda ya fara haɗa "kiwo" da "lafiya" ya zaɓi kalma mai nauyi, domin kuwa ma'anarta ita ce tanadar yanayin da abu zai rayu a cikinsa ya yi ƙiba.

Yadda masana suka iso ga wannan fahimta

A Turai ne aka fara rubuta wannan ilmi da alƙaluma, saboda haka dole a leƙa can. A shekarar 1848 gwamnatin Farusiya ta aiki wani matashin likita, Rudolf Virchow, ya binciko annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a lardin Silesiya ta Sama. Rahoton da ya kawo ya ɗora laifin a kan yunwa da talauci da jahilci da danniya, maganin da ya ba da shawara kuwa ya haɗa da ilmi da 'yancin jama'a su gudanar da al'amuransu. Bayan fiye da shekara 100 wani masani a Birmingham, Thomas McKeown, ya bi lissafin mace-mace na Ingila da Wales, ya nuna cewa mutuwa ta dalilin tarin fuka ta riga ta ragu ƙwarai tun kafin a sami maganinta na farko mai aiki a shekarun 1940. Shi ya jingina raguwar ga kyautatuwar abinci. Waɗansu masana tarihi, musamman Simon Szreter a shekarar 1988, sun ce ya rage wa aikin hukumomin gari daraja, wato famfo da magudanar ruwa da dokokin gidaje. Muhawarar tana da daɗi, amma abin lura shi ne dukkan ɓangarorin biyu a wajen asibiti suke neman dalilin.

Kundin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a shekarar 1948, ya bayyana lafiya da cikar jin daɗin jiki da na hankali da na zamantakewa, ya kuma ce rashin cuta kaɗai bai isa a kira shi lafiya ba. An daɗe ana yi wa wannan ma'ana dariya cewa babu ɗan Adam da ya taɓa cika ta. Duk da haka a kanta aka gina taron Alma-Ata na watan Satumba 1978, a ƙasar Kazakistan wadda a lokacin take cikin Tarayyar Sobiyat, inda ƙasashe 134 suka amince cewa kiwon lafiya na matakin farko ya ƙunshi abinci da tsabtataccen ruwa da ilmi, tare da rigakafi da magani. Sa'an nan a watan Nuwamba 1986 aka yi taron Otawa a Kanada, wanda ya fitar da yarjejeniyar da ta zama tushen fannin haɓaka lafiya. Yarjejeniyar ta bayyana fannin da cewa hanya ce ta bai wa mutane iko a kan abubuwan da ke juya lafiyarsu. Sharuɗɗan lafiya da ta lissafa kuwa sun fara ne da zaman lafiya, sai matsuguni, da ilmi, da abinci, da abin shiga hannu, har zuwa adalci. Mai karatu zai ga cewa wannan jeri bai yi nisa da jerin gaisuwar da aka ambata a baya ba. A Hausa ma sharaɗin farko da abin da aka gindaya masa sharaɗin kalma ɗaya suke amfani da ita.

Darasin ma'aikatan gwamnatin Ingila

Cewa talauci yana kawo cuta ba sabon labari ba ne, kowace tsohuwa ta san shi. Abin da ya girgiza masana shi ne binciken Whitehall, wanda aka sa masa sunan unguwar ma'aikatun gwamnati a Landan. An fara shi a shekarar 1967 a kan ma'aikata maza kimanin 18,000, aka auna lafiyarsu, aka kuma bi su shekara da shekaru ana rubuta wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Ya kamata a lura da irin mutanen da ake magana a kansu. Babu mai kwana da yunwa a cikinsu, kowa yana da albashi da fansho, kowa yana shan ruwan famfo, kuma tun shekarar 1948 asibiti kyauta ne ga kowa a ƙasar.

Da aka yi lissafi bayan shekara 10, sai aka tarar 'yan ƙaramin mataki, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, mutuwarsu ta ninka ta manyan jami'ai kusan sau 3. Wannan ya saɓa wa abin da aka yi imani da shi a lokacin, wato cewa ciwon zuciya cutar manya ce masu ɗauke da nauyin shugabanci. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bambancin ya bi matakan aiki ɗaya bayan ɗaya kamar tsani. Manyan jami'ai sun fi na ƙasa da su tsawon rai, su kuma sun fi akawuna, akawuna sun fi masinjoji. Da a ce rashi ne kaɗai ke kisa, da an ga rami guda tsakanin mai shi da marar shi, na sama duka su zama ɗaya.

An yi zaton ko shan taba ne da hawan jini da ƙiba, tun da na ƙasa sun fi shan taba. Michael Marmot da abokan aikinsa suka cire tasirin waɗannan a lissafi, suka tarar ko rabin bambancin ba su bayyana ba. Wannan ya sa aka buɗe zagaye na biyu a shekarar 1985 da ma'aikata fiye da 10,000, maza da mata. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka gano shi ne wanda ba shi da ta cewa a kan aikinsa, sai dai a ce yi ya yi, bari ya bari, ya fi zama cikin haɗarin ciwon zuciya. Da Hausa muna iya cewa ƙasƙanci da rashin iko suna cin jiki kamar yadda yunwa ke ci, sai dai nasu cin a hankali yake.

Marmot ɗin nan shi ya shugabanci kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a shekarar 2005, wanda ya ba da rahotonsa a 2008. Misalin da ya fi yawo daga rahoton shi ne na yankin Gilasgo a Sukotlan, inda aka ƙiyasta wa yaron da aka haifa a unguwar Calton shekara 54 a duniya, na Lenzie kuwa 82, alhali tazarar da ke tsakaninsu 'yan kilomitoci ce.

Kurkunu

Idan aka dawo gida, babu cutar da ta fi kurkunu dacewa a gwada wannan ra'ayi da ita, domin ba ta da magani kuma ba ta da rigakafin allura. Ƙwayar tsutsar tana shiga cikin waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu da ke rayuwa a tafki da kududdufi. Mutum ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda fata, galibi a ƙafa. Zafin yakan sa ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, zagayen ya koma sabo. A yankunanmu na Sahel fitowarta takan faɗo cikin damina, daidai lokacin noma, ta kwantar da manomi makonni. Wanda bai yi noma ba rumbunsa ba zai cika ba, wanda rumbunsa bai cika ba kuwa ba shi da kuɗin haƙa rijiya, saboda haka baɗi ma tafkin zai koma.

A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da ita duk shekara a Afirka da Asiya. Ƙidayar farko da aka yi a faɗin Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami fiye da mutum 650,000. An ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, aka kuma tabbatar wa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita a 2013. A duk duniya mutum 14 aka samu a shekarar 2023.

Masu ganin wayar da kai ta wadatar sukan kafa hujja da wannan nasara, tun da ba likita ne ya kawo ta ba. A ganina hujjar ba ta tsaya ba. Gaskiya ne an yi wa jama'a bayani, amma bayanin ya zo ne riƙe da kaya a hannu. An raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, an ba makiyaya da manoma ɗan bututun zuƙa mai matata a ciki, an zuba magani a tafkuna, an haƙa rijiyoyin burtsatse. An kuma ɗauki 'yan sa-kai daga cikin mutanen kowane ƙauye, su ke neman mai cutar, su ɗaure masa ƙafa, su hana shi shiga mashaya. Cibiyar Carter ta ja ragamar aikin, Janar Yakubu Gowon kuwa tun daga ƙarshen shekarun 1990 ya riƙa bin gwamnoni da ƙauyuka yana neman a samar da ruwa. Matar da aka ce ta tace ruwa aka kuma miƙa mata abin tacewa ta sami iko a kan al'amarinta. Wadda aka gaya wa a rediyo kawai, labari ta samu.

Gubar dalma a Zamfara

Misali na biyu ya fi ɗaci. A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da farfaɗiya da suma a waɗansu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Gwajin jini ya nuna dalma ce, da yawan da ba a saba gani ba. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya tarar kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu an ƙiyasta ta kai 400, waɗansu dubbai kuma gubar ta shiga jikinsu, ga shi kuwa illar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

In an tsaya ga bayanin likita, dalma ce ta kashe yaran. Mai bin tushen al'amari kuwa zai ci gaba da tambaya. Me ya kawo dalma tsakar gida? Dutsen zinarin yankin yana haɗe da ita. Me ya sa aka kawo dutsen gida? Farashin zinari ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, abin da manomi zai samu a haƙa ya zarce abin da gero ke ba shi, sai aka riƙa kawo dutsen cikin gari ana farfasawa, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin irin na niƙan hatsi, ana shanya shi inda yara ke rarrafe. Mata da ba sa fita sun sami sana'ar da za su yi a cikin gida. Babu wanda ya yi wannan don ƙin ɗansa. Neman abin da za a ciyar da ɗan ne ya jawo shi.

Yadda aka magance matsalar ma darasi ne. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitocin sun ce ba shi da amfani in yaron zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta gurɓata. Dole sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kwashe, aka zuba sabuwa, kafin magani ya yi tasiri. A garin Bagega, inda abin ya fi yawa, wannan aiki bai samu ba sai a 2013, bayan an daɗe ana jiran gwamnatin tarayya ta saki kuɗin, yara kuwa suna jira tare da kowa. Haramta haƙar da aka yi bai hana ta ba, illa ya sa waɗansu suka riƙa ɓoyewa, domin doka ba ta zo da wata hanyar cin abinci ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne fitar da niƙan daga cikin gari da koya wa mahaƙa hanyoyin rage ƙura. A shekarar 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Batun suna da sigar magana

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafi malaman harshe kai tsaye. Sau da yawa masu fassara sukan mayar da sunan wannan fanni "wayar da kai game da lafiya". Fassarar tana ɗauke da wani zato a cikinta, wato cewa kan jama'a ne yake a duhu, kuma da zarar ya waye cuta za ta kau. Zato ne mai dogon tarihi a wurinmu. Tun zamanin En'e duba-gari yake shiga gida ya leƙa randa da masai ya ci tara, Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 kuma ya ƙarfafa ganin cewa rashin sani ne uwar matsaloli. Ba a musun amfanin waɗannan. To amma uwar da ke ɗebo ruwa a kududdufi galibi ta san ruwan ba shi da kyau, itacen tafasa shi ne ya fi ƙarfinta. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ko a nahawu ana iya ganin wannan. Sanarwar lafiya kusan duka da sigar umarni take zuwa: ku tafasa, ku wanke, ku kai, kada ku sha. Wanda ake umarta kullum shi ne talaka. Ayyukan da binciken da aka kawo a sama ya nuna sun fi tasiri, wato haƙa rijiya, da kwashe gurɓatacciyar ƙasa, da biyan albashin da zai isa, da barin yarinya ta gama makaranta, masu aikata su hukuma ce da masu hali da shugabannin al'umma, kuma da wuya a ji an fuskance su da "ku". In an zo kansu sai magana ta koma sigar da ba ta ambaton mai aiki: za a duba, ana ƙoƙari, an kafa kwamiti. Nazarin sanarwoyin gidan rediyo guda na shekara ɗaya ta wannan fuska zai ishi ɗalibin digiri na biyu abin rubutu.

Game da suna, "haɓaka lafiya" ta fi "wayar da kai" dacewa da fannin, ita kuwa wayar da kai a bar ta a matsayin reshe ɗaya daga cikin rassansa. Ɗaya kalmar ta fi wuya. An ga masu cewa "abubuwan zamantakewa da ke shafar lafiya", amma "shafa" ta yi sauƙi, domin abin da ya shafi mutum yana iya wucewa ya bar shi yadda yake, alhali ana magana ne a kan abin da ke yanke yawan shekarun da unguwa guda za ta yi a duniya. "Musabbabai" ta fi ƙarfi, sai dai a kunnen Bahaushe ta fi karkata ga musiba, akan ce musabbabin gobara ko na mutuwa, ba a cika cewa musabbabin arziki ba. Ni na fi son "tushen lafiya a zamantakewa", saboda tushe yana ɗaukar mai kyau da marar kyau, kuma manomi ya san ba a ganinsa sai an tona. Aibinta ɗaya shi ne jam'inta bai da daɗin faɗa a aji, don haka a rubutu gara a bar ta a tilo.